Mai Kujeru a Ɗakin Gwajin Auta

Mai Kujeru ake ce masa a rumfar gyaran jiragen sama, sunan kuma ya biyo shi har gida, ta kai ko maƙwabta za su yi aike sai su ce a kai gidan Mai Kujeru. Shekara da shekaru aikinsa ɗaya ne. In jirgi ya shigo babban gyara, sai a kwance kujerunsa jeri-jeri a turo masa ɗakinsa, shi kuma ya feɗe su ɗaya bayan ɗaya, ya fitar da soson da ya mutu, ya yanka sabuwar fata, ya ɗinke, ya mayar. Ya san inda gwiwar dogon mutum ke cin bayan kujera. Ya san lungun da yara ke cusa cingam. Ya san kujerar da ke kusa da banɗaki ita ke riga 'yan'uwanta tsufa ta hannun da ke gefen hanya, don duk mai jiran layi sai ya dafa ta. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, ba ya son a tsaya masa a ka yana aiki, ba ya kuma son a ce masa "haka ma ya yi".

Da ya ajiye aiki, ya dawo gida da akwatinsa na ƙarfe. Akwai basilla a ciki, da allurai masu lanƙwasa, da almakashin da ba ya ara wa kowa, da wani gwangwanin man goge fata wanda shi ke haɗa abinsa da kakin zuma da wani mai da bai taɓa gaya wa kowa sunansa ba. Bai daɗe da zaman gida ba matarsa ta kwanta ciwo, kwanciyar da ba ta tashi ba ke nan. Bayan an watse daga zaman makoki aka bar shi da gida, sai ya far wa kujerun falo ya sake musu riga. Da ya gama ya sake kwance su, wai ɗinkin bai yi masa ba. Ya gyara na maƙwabta, waɗanda suka roƙa da waɗanda ba su roƙa ba. Daga nan aiki ya ƙare masa. Ya koma zama a bakin ƙofa yana faɗa da masu sharar titi, yana ramewa a hankali.

'Ya'yansa sun yi nisa, in ban da ƙaramarsu da yake kira Auta, wadda gidanta ke bayan babbar kasuwa. Ita ce ta yi karatun ƙwayoyin cuta har ta zama shugabar wani ɗakin gwaji. Shi dai abin da ya sani game da aikinta bai wuce tana sa farar riga kuma ba ta ɗaukar waya kafin la'asar ba.

Wata Asabar ta zo gaishe shi, ta yi shara, ta leƙa tukunya ta ga abincin jiya yana nan yadda aka kawo shi. Da za ta zauna sai ta ajiye wata leda a kan tebur kamar ba da gangan ba, bakin ledar ya buɗe, wasu 'yan guntaye suka zubo. Mai Kujeru ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya. Yana taɓawa ya gane fatar kujerar jirgi ce. Ya juya ta, ya ga gefen ya karkace kamar ɓera ne ya gaigaye shi. Ya ɗauki guntun bel ɗin ɗaure fasinja, zare duk ya tsefe.

"Wa ya yi wannan ta'asar?"

"Mu ne, Baba."

"Da me? Da haƙori?"

Auta ta ƙunshe dariya ta yi masa bayani. Wani kamfanin jirage ne ya kawo musu aiki. Tsakanin saukar jirgi da tashinsa masu shara kan fesa magani su goge ko'ina, to ana so a san wane magani ne ke kashe bairos da gaske, waɗannan ƙwayoyin cutar da ke kawo mura da gudawa da ire-irensu, a kan tiren cin abinci, da hannun kujera, da bel, da murfin taga, da sakatar banɗaki. Ba za a kai cuta cikin jirgi don gwaji ba, saboda haka aka kawo musu kayan cikin jirgi su yayyanka ƙanana. Dole kowane guntu ya zo daidai da ɗan'uwansa, ya kwanta shafal, in ba haka ba ɗigon da aka sa a kai sai ya gangare.

"Kuma duk gidan naku babu mai riƙe almakashi?"

"Kowa da abin da ya karanta, Baba."

Ya daɗe yana jujjuya guntun a hannu. Can ya ce zai je ranar Litinin ya nuna musu, wuni ɗaya kawai, don shi yana da abubuwan yi. Auta ta ce ta gode, ta kau da kai tana gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Ran Litinin tun kafin ta yi hon yana tsaye a bakin titi, ya sha wanka, akwatin ƙarfe a hannu.

Ginin yana da doguwar baranda mai ƙofofi hagu da dama, ko'ina fari fat, yana warin magani. A ƙarshen barandar aka ba shi wani ɗaki da a da sito ne. Yana shiga ya tsaya cak. Jerin kujerun jirgi ne a jingine da bango, ga tire-tire an tara kamar faranti, ga labule, ga ƙofar banɗaki sukutum da sakatarta. Ya shafa kan wata kujera kamar mai gaisawa da tsohon aboki. Sai ya tuna bai ga inda zai sa wutar fitilarsa ba, ya leƙo baranda ya ɗaga murya yadda ya saba a gida.

"Auta! Ke Auta!"

Ƙofofi suka buɗe, kawuna suka leƙo. Ba wanda ya san wata Auta a ginin nan. Sai ga shugabar da kowa ke shakka ta fito daga ofis da sauri tana cewa, "Na'am, Baba." Kafin azahar labari ya gama gari. Ita dai Dokta suke ce mata, shi kuma daga ranar ya zama Baban Dokta. Da farko abin bai yi masa daɗi ba. Yarinyar da duk duniya ta sani da 'yar Mai Kujeru, yau shi ake nema a gane ta dalilinta. Amma da ya ji mai gadi ya faɗa har da cire hula, sai ya ga sunan ba laifi.

Dokokin gidan ne suka fi ba shi wuya. Sai ya sa safar hannu kafin ya taɓa kaya. Ba shan shayi a ɗakin yanka. In ya shigo ya wanke hannu, in zai fita ya wanke.

"Ni da na koya miki wanke hannu kina ihu," ya ce da ita.

"To ka ga karatun bai tafi a banza ba, Baba."

Wuni ɗayan nan ya zama mako, mako ya zama wata, ba wanda ya sake tayar da maganar. Ya yi wa kansa ma'auni na ƙarfe, yana ɗora shi a kan fata ya zagaye da reza, guntu ya fito bai wuce faɗin kan sarkin wasiƙa ba. Robar tire da ta murfin taga da ƙaramin zarto yake yanka su, ya bi gefen da magagari har ya yi santsi. Bel kuwa sai ya ɗan ƙona bakinsa don kada ya tsefe. Ya jera su a faranti, kowane iri da layinsa, a zo a ɗauka.

Mai zuwa ɗauka wata mata ce da ta manyanta, mai jiki, mai yawan dariya, wadda kowa ke kira Uwar Raino. Ita ta fara yi masa bayanin da ya shiga kansa. Akwai ƙofa a tsakiyar barandar mai ɗan gilashi, wadda ba a yarda ya wuce ta ba. Ta tsayar da shi a nan tana nuna masa da yatsa.

"Ka ga akwatin can mai kama da firji, Baba? Ɗumi ne a ciki, ba sanyi ba. 'Ya'yana ne ke kwance a nan."

"'Ya'yanki?"

"Ƙwayoyin halitta ne masu rai, a cikin kwalabe nake rainonsu. Ina ba su abinci, ina sauya musu ruwa, in sun yi yawa in raba musu ɗaki. Shi bairos ido ba ya ganinsa, ko da madubinmu na ƙara girma. To sai mu ɗiga shi a kan guntun da ka yanka, ya bushe, mu sa magani, mu jira, sannan mu wanke guntun mu zuba ruwan wankin a kan 'ya'yana. In maganin ya yi aiki, su kwana lafiya. In bai yi ba, bairos ya cinye su."

Mai Kujeru ya dube ta. "Ke ki raine su, ke kuma ki ba su guba?"

"Aikin ke nan, Baba. Amma ba na so su mutu a banza."

Tun daga nan suka saba. Lokacin hutun rana ma'aikata suka tsiri zuwa bakin ɗakinsa, aka fito da jerin kujeru ɗaya baranda inda aka yarda a sha shayi. Kowa na rububin kujerar taga ko da yake bango take kallo. Uwar Raino ta ce ita ba ta zama sai a sahun manya, Mai Kujeru ya ce tikitinta na baya ne kusa da banɗaki. Yana ba su labarin abin da ya tsinta a cikin kujeru, haƙoran roba, zoben aure, har da wani ɗan kunkuru da rai. Magungunan da ake gwadawa an ɓoye sunayensu, lamba kawai aka manna, shi kuwa ya zaɓi wani shuɗi ya ce shi ne gwaninsa, kullum sai ya tambaya ko shuɗin ya ci wasa. Ya fara cinye abincinsa. Wandonsa ya daina zamewa.

Ana nan sai Auta ta ce an gama da sababbin kaya, yanzu tsofaffi ake so, waɗanda suka sha hannu, don fasinja ba sabuwar kujera yake hawa kullum ba. Aka turo masa wasu kujeru da aka cire daga wani tsohon jirgi. Ya juya ta farko ya duba ƙarƙashi. Ɗinkinsa ne. Ya san yadda yake kashe zare, sau biyu sannan ya koma baya, ba mai yin haka sai shi. Fatar da ya shimfiɗa da hannunsa tana sheƙi, ga ta nan ta koɗe, ta tsattsage kamar kaushin ƙafa, ta yi maiƙon kan mutane.

Ya yanka kamar yadda aka ce. Ya jera a faranti ya tsaya yana kallo, ya ji kunya ta rufe shi. Wannan ne zai shiga ɗakin 'yarsa, a ɗora a ƙarƙashin fitila, a ce aikin Baban Dokta ne? Ya buɗe akwati ya ɗauko gwangwaninsa. Ɗan kaɗan ya lakata a tsumma, ya bi kowane guntu ya murza har man ya shige. Fatar ta farfaɗo, ta yi laushi, ba ta yi ƙyallin da zai ja ido ba. Ya ji daɗi ƙwarai. Bai ga abin faɗa a ciki ba, don bai taɓa miƙa fata ga kowa ba tare da ya gyara ta ba.

Bayan 'yan kwanaki ya lura dariya ta ɗauke a baranda. Uwar Raino ta zo ɗaukar faranti ido a kumbure.

"Lafiya, 'yar nan?"

"'Ya'yana ke mutuwa, Baba. Har waɗanda ba a sa wa bairos ba. Da safe in duba, in tarar sun tattare sun taso kamar ƙasa-ƙasa a ruwa."

Aka zargi ruwa, aka sauya. Aka zargi akwatin ɗumi, aka kira mai gyara ya ce lafiyarsa lau. Aka zubar da abincin ƙwayoyin aka haɗa sabo. Uwar Raino ta fara cewa hannunta ne, tsufa ya zo, wataƙila ta daina iya aikin, gara ta ba yara wuri. Auta tana fitowa daga ofis da waya a kunne tana ba mutanen kamfani haƙuri. Mai Kujeru yana tausaya musu har zuci, yana kuma ƙara ƙoƙari a nasa ɓangaren don ya sauƙaƙa musu. Faranti na biyu ma ya murza shi da kyau.

A wurin shayi abin ya fashe. Ana zaune jugum, wani ma'aikaci ya ce abin mamaki, na roba da na bel ba sa kashewa, na tsohuwar fata ne kawai. Mai Kujeru ya ji an taɓa fatarsa, ya ajiye kofi.

"A'a, kada ku ɗora wa fata laifi. Fatar nan ba ta taɓa samun gata irin na yanzu ba. Kowane guntu sai da na shafa masa mai da hannuna kafin ya bar ɗakin nan."

Kowa ya juyo ya dube shi. Auta, wadda ke tsaye a bakin ƙofa, ta ajiye kofinta a kan taga a hankali.

"Baba, in ba damuwa, zo ofis."

Bai taɓa zama a kujerar da ke gaban teburinta ba sai ranar. Ta rufe ƙofa. Ba ta ɗaga murya ba, amma muryar ba wadda ya sani ba ce.

"Wane mai ne?"

"Nawa. Na gwangwani."

"Wa ya ce ka shafa?"

"Sai an ce? Fatar ta mutu, Auta. Ɗinkina ne. In bar ta ta shigo miki a haka?"

"A haka nake son ta. Na gaya maka tsohuwa nake so, yadda fasinja ya bar ta. Man nan ya bi ruwan wanki ya kashe ƙwayoyin. Duk abin da muka yi a kan fata ya tashi a banza. Uwar Raino, baiwar Allah, har takardar barin aiki ta fara tunani."

"To ni yanzu tuhumata kike yi?"

"Tambayarka nake yi, Baba, kamar yadda zan tambayi kowa a gidan nan. In an ba ka abu, yadda aka ce haka za ka yi. In kana da shawara, ka faɗa kafin, ba bayan an gama ba."

Ya dube ta. Ya ga leɓenta na rawa kamar lokacin da take ƙarama in tana son kuka tana dannewa, amma ba ta sauke ido ba. Ya miƙe, ya koma ɗakinsa ya tattara kayansa a akwati, ya wanke hannu don ya riga ya saba, ya fita ya hau motar haya.

Washegari ta yi hon a bakin titi, bai fito ba. Ta shigo ta gaishe shi, ya amsa yana kallon bango. Ta ajiye masa abinci ta tafi. Haka aka yi kwana da kwanaki.

Yana da wani aboki tun zamanin rumfar jirage, Mai Fenti, dogo siriri mai tari, wanda ya ajiye aiki shekara guda da shi. Mai Kujeru ya tafi wurinsa neman mai taya shi jin haushi. Ya same shi a inuwar shagon ɗansa, ya kwashe labari ya gaya masa, ya ƙare da cewa 'yar da ya goya a kafaɗa ce ta zaunar da shi a kujera tana yi masa faɗa.

Mai Fenti ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Kai fa? Kai da ka kore ni daga ɗakinka wata guda saboda ɗigon fenti ɗaya a kan fata? Har ka ce in na sake shigowa da burushi za ka ɗinke mini hannu a aljihu?"

"Wannan daban. Kai ɓarna ka yi."

"Kai kuma gyara ka yi, ko? Ni ma a lokacin gyara nake yi, bangonka nake shafe maka kyauta. Malam, yarinyar nan ba daga sama ta faɗo ba. A gidanka ta tashi."

Mai Kujeru ya ce dama bai kamata ya zo ba, ya tashi ya kaɗe riga. Amma a hanya ba maganar Mai Fenti ce ke cinsa ba, ba kuma ta Auta ba. Idon Uwar Raino ne ya tsaya masa. Matar nan tana zuwa ɗakinsa kullum tana kuka da hannunta, shi yana ba ta haƙuri, yana miƙa mata farantin da zai kashe mata wasu.

Da safe kafin Auta ta iso ya riga ya hau motar haya. Gwangwanin ya bar shi a gida a kan kabad. Mai gadi ya cire hula ya ce, "Baban Dokta, an kwana biyu." Ya wuce kai tsaye ya tsaya a bakin ƙofa mai gilashi har Uwar Raino ta hango shi ta fito.

"'Yar nan, na zo ta'aziyya ne," ya ce. "Kuma ni ne na yi kisan. Ki yafe mini."

Ta dube shi, hawaye da dariya suka zo mata tare. "Haba Baba. Wallahi da ka faɗa ran nan, ji na yi kamar an sauke mini dutse. Ashe hannuna lafiya lau."

"Hannunki kam ba abin da ya same shi. Nawa ne ya yi karambani."

Ta ce ba za ta yafe ba sai ya zo ya ga jikokinsa. Akwai wani ƙaramin ɗaki da ba a shigar da bairos, a nan ta farfaɗo da sababbin ƙwayoyi daga cikin waɗanda aka adana a ƙanƙara. Ta sa masa farar riga wadda hannunta ya rufe masa yatsu, ta zaunar da shi gaban madubin ƙara girma. Da farko gashin idonsa kawai yake gani. Ta murɗa wani abu, sai ga su. Sun shimfiɗu gefe da gefe, kowace ta manne da 'yar'uwarta, ba gibi, ba wadda ta hau wata. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Wa ya jera su haka?"

"Su suka jera kansu."

"Ikon Allah," ya ce. "Ko ni ba zan haɗa ɗinki haka ba."

Da ya fito ya ci karo da Auta a baranda, da takardu a hannu. Ta tsaya, shi ma ya tsaya, ga ma'aikata na wucewa.

"Dokta," ya ce, "guntu nawa ake so na tsohuwar fatar?"

"Kamar na farko, Baba. Yadda take."

"Yadda take," ya ce, ya wuce ɗakinsa.

Da yamma a mota ba wanda ya ɗauko zancen. Sai da suka kusa gida ta ce ita fa har yanzu in ta ji ƙanshin man nan sai ta tuna ranar da ya kai ta makaranta a kan keke, jakarta na ƙanshinsa. Ya ce ai jakar ma shi ya ɗinka. Ta ce ta sani. Ta shigo ta zauna har ya cinye abincinsa.

Aka sake gwajin fata daga farko. A wannan karon ne ya tambayi abin da bai taɓa tambaya ba, wato ina guntayensa ke zuwa in an gama da su. Uwar Raino ta nuna masa wata babbar tukunyar ƙarfe mai huci. Duk abin da bairos ya taɓa sai an dafa shi da tururi, sannan a kai a ƙone. Shi da ya saba yin abin da zai shekara goma ana zama a kai, ashe duk gefen da ya bi da magagari, amfaninsa na wuni ɗaya ne. Ranar bai yi hira a wurin shayi ba. Uwar Raino ta ɗauka zai sassauta, ya daina wahalar da kansa. Washegari ta zo ta tarar da faranti kamar kullum, kowane gefe sumul.

Da sakamako ya fito, ya so a ce ga zakara ɗaya, ba a samu ba. Wani maganin ya gama da bairos nan da nan a kan roba mai santsi, amma a kan bel da labule sai ya jiƙa ya daɗe. Wani ya yi ƙarfi ko'ina, sai dai ya cinye launin fata, wannan kam Mai Kujeru ya ce ko kyauta kada a kawo shi kusa da kujera. Shuɗinsa tsaka-tsaki ya zo, ya ce alƙalan wasa ne ba su so shi ba. Auta ta rubuta wa kamfani abin da ya dace da kowane wuri, da tsawon lokacin da za a bar shi a jiƙe kafin a goge. Kamfani ya aiko da mota ta kwashe ragowar kayansa, har da jerin kujerun shan shayi. Aka koma zama a benci.

Auta ta yi ta juya yadda za ta gaya masa aiki ya ƙare, shi kuma ya yi kamar bai sani ba, yana zuwa yana share ɗaki yana wasa reza. Ba a kai ga maganar ba sai ga wata babbar mota a bakin ƙofa. Kamfanin motocin safa na cikin gari ne ya ji labari, su ma suna son a gwada musu. Aka sauke kujeru masu ƙafar ƙarfe da madafan hannu na roba.

Mai Kujeru ya sa safar hannu ya kifa ta farko a kan tebur. Ya bi ɗinkin da yatsa, fuskarsa ta yamutse. Ya sa reza ya buɗe gefe, sai tsummoki da guntun kwali suka zubo maimakon soso.

"Innalillahi! Uwar Raino, zo ki ga abin da mutane ke zama a kai. Wanda ya yi wannan ko yana da iyaye?"

"Baba, kai dai yanka aka ce ka yi."

"Zan yanka," ya ce, yana jawo ma'auninsa. "Amma a tambayo mini inda shagonsa yake."